Taƙi Biyu Na Kwal

Dariya ce ta fara tarbata a Alƙahira, a ƙarshen shekarar 2012. Malam Nasiru ne ya zo ɗaukata a filin jirgi, wani ɗalibin fiƙihu ɗan Sakkwato da limamin unguwarmu ya haɗa mu ta waya. Muna cikin tasi ya tambaye ni abin da na zo karantawa, hadisi ko shari'a. Na ce masa dutse. Ya juyo gaba ɗaya ya ƙare mini kallo.

"Dutse kuma? Na Jos ɗin sun ƙare ne, ka biyo na Fir'auna?"

Tun daga ranar sunana ya ɓace a bakin ɗaliban Najeriya da ke unguwar Faisal. Ba mai cewa Habibu, sai Sarkin Dutse. Ban ji haushi sosai ba, don ni ma na san abin da ban dariya. Kowa ya zo Masar neman ilimin addini, ni na zo koyon yadda rami ba zai rufta da mutum ba.

Amma ina da dalilina. Mu mutanen Bukuru ne, 'yan kuza tun daga kan kakanmu. Da kuza ta daina ciyar da gida, yayana Sale ya tara mutanensa suka gangara jihar Kogi, inda ake fafe gefen tsauni a shiga ciki a haƙo kwal. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya hana ni riƙe diga ya ce makaranta zan yi. Sau ɗaya na taɓa shiga raminsu. Na sunkuya ina binsa da tocila, na ɗaga kai na ga tsauni guda a kan yayana, ba abin da ya raba su sai 'yan itatuwan tokara. Da gurbin karatu ya samu a jami'ar da ke Giza, fannin rufin rami na zaɓa, ban yi shawara da kowa ba.

A makon farko wani dillalin gidaje, simsar suke ce musu, ya koya mini darasin da ba ya cikin manhaja. Ya nuna mini ɗaki mai kyau a hawa na uku, da baranda da fanka. Ranar da na kwaso kayana, makullin da ya ba ni ya ƙi buɗe ƙofar. Mai gadin gidan ya ja ni har can saman bene, ya nuna mini wani akurki kusa da kejin tantabaru, makullin kuwa ya buɗe shi sumul. Na koma wurin mutumin raina a ɓace, na zazzage masa duk Larabcin da na koya a Islamiyya, da wasali da komai. Ya saurare ni yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, ya shaikh." Wato in yi haƙuri, iyakar abin da na samu ke nan.

Malam Nasiru ya zo ya ɗauki jakata da hannunsa. Ya ce, "Taso, Sarkin Dutse. Akwai wurin katifa ɗaya a falonmu, in dai ba ka minshari." Ina minshari, amma bai kore ni ba.

Sanyin garin bai dame ni ba, ɗan Bukuru ne ni. Wake ne ya karya ni. Ful da safe, ful da rana, in ka ce a canza maka sai a kawo maka waken nan dai an niƙa an soya. Ranar Juma'a muna hawa ƙananan motocin hayar nan da ba sa tsayawa sai dai su rage gudu, mu tafi har unguwar Arba wa Nus wurin matan Hausawan Sudan mu sayo busasshiyar kuɓewa. Hausarsu cakuɗe take da Larabci, amma nakan ja cinikin da gangan don kawai in ji wata dattijuwa ta ce mini "ɗana". Kewar gida ta cinye ni a watannin nan, har na rame.

A haka na haɗu da malamarmu, Daktora Su'ad. Gajeriya ce, ta haura sittin, da tabarau rataye a wuya da wata jakar buhu cike da duwatsu wadda ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata. Ƙuruciyarta a mahaƙar kwal ta cikin hamada ta ƙare, tana duba duwatsun da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin ƙasa, kafin ta dawo koyarwa. Ranar farko ba ta ko kalli allo ba. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta ajiye wa kowa ɓarɓashin dutse guda biyu a gabansa.

"Ku sa a haƙori ku tauna. Yalla, maza."

'Yan Masar suka jefa a baki ba musu. Ni kuwa na tsaya ina kallonta. Na baro ƙasata, na sha wulaƙancin simsar, don in zo in ci ƙasa?

Na ce, "Daktora, ni daga Najeriya na zo."

Ta ce, "To, a Najeriya ba ku da haƙora ne?"

Ajin ya kwashe da dariya, na tauna. Na farko ya yi gurus-gurus a haƙorina. Na biyu ya narke sumul kamar sabulu. Ta ce na farkon dutsen yashi ne, ƙwayoyinsa sun riƙe juna. Na biyun laka ce da zamani ya danne ta har ta zama dutse. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan mai santsin ya fi kyau a ido, kuma shi ya fi kashe mutane."

Ban taɓa ganin mai koyarwa irinta ba. Ta ce kwal shimfiɗe yake a cikin ƙasa kamar tabarma, kuma ran mai haƙa ba a hannun kwal ɗin yake ba, yana hannun abin da ke kwance a kansa. Don ta nuna mana, ta sa aka ɗora katako mai kauri a kan kujeru biyu, ta hau ta tsaya a tsakiya, tsohuwa da ita, katakon ko gezau. Ta sauko ta jera falle-fallen kwali har suka kai kaurin katakon, ta ɗora musu jakarta kawai, suka lotsa, kowane falle ya zame daga ɗan'uwansa. Ta ce dutsen yashi mai kauri shi ne katakon. Dutsen laka mai falle-falle shi ne kwalin. Kaurinsu ɗaya, amma wanda ya shiga ƙarƙashin na biyun yana faɗaɗa rami yadda ya ga dama, iyalinsa za a yi wa gaisuwa.

Mahaƙar da ta yi aiki an rufe ta, hanyar zuwa can ma ba ta biyuwa a shekarun nan da ƙasar ke cikin rikici. Sai ta riƙa kai mu tsofaffin kogunan da ke gefen dutsen Muƙaɗɗam, inda mutanen da suka sassaƙo farin dutsen gini suka bar ginshiƙai a tsaye. Ita ke fara shiga, ita ke fitowa ƙarshe, kuma ba ta taɓa mayar da abin magana ba. Takan hau kan wani dutse don ta kai, ta ɗora yatsun hannun hagu a jikin rufin, ta buga da sandar ƙarfe. In rufin lafiya yake, ƙarar takan fito tsaf. In ya rabu da na samansa, sai ka ji kamar an buga tulun da ba ruwa. Wani lokaci kunne bai ji komai ba, amma yatsu su ji rawa. Ta kama hannuna ta manna a wani wuri ta buga, na ji abin ya motsa a ƙarƙashin fatata.

Na ce mata yayana ma haka yake yi kowace safiya. Ta ce, "Yayanka yana da hankali. Amma ƙarfe yana gaya maka halin dutse na yau ne kawai. Ba ya gaya maka abin da zai zama in ya sha ruwa." Na ji maganar, ban riƙe ta da muhimmanci ba a lokacin.

Da lokacin bincike ya zo, na roƙi Yaya ya aiko mini da ɗan guntun rufin raminsu. Sun bar tsohon ramin da na taɓa shiga, sun buɗe sabo a wani gefen tsaunin bayan ɗaukewar ruwa. Wani ɗan garinmu da ya kawo mahaifiyarsa aikin ido shi ya zo da saƙon. Ladidi, matar Yaya, wadda ke zaune tare da shi a can tana dafa wa ma'aikata abinci, ta cusa mini kuka da daddawa da yaji. Malam Nasiru ya buɗe ƙullin daddawar ya shinshina, ya juya baya yana gyaran hula. A ƙasan kayan akwai tsumma, a cikinsa wani faifan dutse mai ruwan toka da dunƙulen kwal.

Na kai wa Daktora ina taƙama, don dutsen ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa shi har ƙara yake. Ta juya shi, ta ɓalli gefe ta tauna, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ɗauko kofin gilashi irin na shayi guda biyu ta cika su da ruwan famfo. Ta jefa guntun dutsen a ɗaya, guntun kwal a ɗaya, ta koma tana shan shayinta.

Ina zaune ina kallo. 'Yan kumfa suka fara fitowa daga jikin dutsen. Sai wani falle ya ɓare ya faɗi, wani ya biyo shi. Kafin ta shanye shayin, ba dutse a kofin, sai laka kwance a ƙasa da ruwa gurɓatacce. Kwal ɗin yana nan yadda aka jefa shi.

Ta ce, "Ramin nan ya taɓa ganin damina?"

Na ce a'a.

"Suna barin kwal a sama, ko suna kankarewa har su tarar da dutse?"

Duk da tsoron da ya kama ni sai da na yi 'yar dariya. Na ce, "Daktora, 'yan kuza ne fa." Sai da na yi mata bayani. A aikin kuza ba a barin komai. Ana wanke ƙasa a sake wankewa har ƙwaya ta ƙarshe, kuma babanmu yakan zane yaro in ya ga baƙar tsabar kuza a ruwan da ya zubar. Wanda ya bar ma'adini a baya rago ne, ba ya da wani suna. Da wannan tarbiyyar su Yaya suka shiga kwal. Sukan kankare sama tas har dutsen ya fito yana sheƙi, suna alfahari da hakan, balle ma kwal ɗin saman ya fi tsabta.

Ta cire tabarau ta ce, "Ya ibni, ɗana, saurara. Ba sai ruwa ya shiga ramin ba. Iskar damina kaɗai ta isa. Ta shiga da laima, dutsen ya sha ya kumbura, ya bushe, ya sake sha, falle-fallen su saki juna. Kwal ba ruwansa da laima. In ya bar taƙi biyu na kwal manne a sama, ya zame wa dutsen riga, iska ba za ta taɓa shi ba. Yaushe ruwa ke sauka a can?"

Na ce ya kusa.

Ko gida ban kai ba na kira Yaya, ina tsaye a bakin titi motoci na ta hon. Na kwararo masa bayani kamar ina gaban aji. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Habibu, yau da safe na buga rufin nan da ƙarfe, ƙara yake kamar ƙararrawa. Kai kana Masar kana jin abin da ni da ke ƙarƙashinsa ban ji ba?"

"Yaya, ƙarfe ba ya nuna wannan."

"In bar kwal a sama? Wa zan bar wa, aljanu? Mutanen nan da na kwaso daga Bukuru me zan ce musu?"

Zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Yaya, ba ka san dutsen nan ba."

Sannan ya ce, "To, madalla. Karatu ya yi amfani." Ya kashe wayar. Na yi ta kira kwana da kwanaki bai ɗauka ba, ga hadari ya fara haɗuwa a can gida.

Da na gaya wa Daktora, ta dube ni ta saman tabarau. "Yayanka ne ko ɗalibinka?" Na sunkuyar da kai. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana shiga rami yana fitowa da mutanensa lafiya ba a gaya masa bai san dutse ba, ko da gaskiya ce, balle ba gaskiya ba ce. "Kada ka koya masa komai. Roƙe shi. Ka ce malamarka ba za ta karɓi sakamakon ba sai an maimaita gwajin a bakin ramin, da ruwan wurin, kuma ba wanda zai iya yi maka sai shi."

Na ce, "Ba ƙarya zan yi masa ba ke nan?"

Ta ce, "Wace ƙarya? Yanzu na sa shi cikin sharuɗɗan bincikenka. Khalas, shi ke nan."

Na bi ta hannun Ladidi na ba da haƙuri, na isar da roƙon. Yaya bai taɓa hana ni abin da ya shafi makaranta ba, ko yana fushi. Ladidi ta ce da hantsi ya fito da gwangwanin madara biyu, ya tara mutanensa yana zolaya, wai ku zo ku taya ɗan boko jarrabawa. Ya jefa dutse a ɗaya, kwal a ɗaya. Suna tsaye suna raha har rahar ta mutu.

Shi ya kira ni da kansa. Bai yi maganar faɗanmu ba.

"Ya narke, Habibu. Kamar an dama fura." Sannan ya ce, "Malamar taka ta taɓa shiga rami, ko a takarda ta sani?"

Na ce ta shiga tun ba a haife ni ba.

"Taƙi nawa ta ce?"

Daga ranar, duk inda suka ci gaba zuwa ciki, suna barin taƙi biyu na kwal a sama. Bai yi hakan da daɗin rai ba. Wasu daga cikin mutanensa suka bar shi suka koma wani rami, suna cewa Sale ya tsufa, mace daga Masar ke juya shi. Duk kiran da muka yi sai ya yi mita. "Kullum ina wucewa ƙarƙashin abincin 'ya'yana, ina kallonsa yana kallona." Ni kuwa hankalina ya kwanta, har na fara ƙiba.

A watan Agusta Alƙahira ta rikice. Aka sa dokar hana fita da yamma, aka rufe hanyoyi, jami'a ba kowa. Muna zaune a gida bayan azahar, ba wuta, zafi kamar ya kashe mu, wayata ta yi ƙara. Ladidi ce. Muryarta ba kuka a ciki, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

"Habibu, rami ya rufta. Yayanka yana ciki da mutum biyar."

Na zauna a ƙasa. Da ƙyar na fahimci abin da ya faru. Ba inda suke aiki ne ya faɗo ba. Farkon ramin ne, wanda suka kankare tas tun kafin gwajin gwangwani, hanyar da suke bi su shiga su fita. Ya zubo ya toshe su a ciki. Ana jin suna buga ƙarfe. Mutanen waje sun hau jidar duwatsun da hannu da shebur, amma duk wanda suka janye sai wani ya zubo daga sama.

Malam Nasiru ya miƙo mini wayarsa ba tare da na tambaya ba. Na kira Daktora da ita, na riƙe Ladidi a ɗaya kunnen. Ban ma yi sallama daidai ba. Daktora ba ta ce ma'alish ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Tambayoyi ta shiga jerowa a hankali, ni ina juya su zuwa Hausa. Daga ina zubowar ta fara? Bugun da ake ji, kusa yake ko nesa? Bangon kwal na gefen ramin a tsaye yake ko ya fashe? Ladidi tana gudu tana dubawa tana dawowa.

Daktora ta ce, "Su daina jida yanzu. Tarin nan shi ke tokare da sauran, in suka kwashe shi tsaunin zai biyo su. Su koma gefe su shiga cikin bangon kwal ɗin, su fafe 'yar hanya iya faɗin kafaɗar mutum ɗaya, su bar kwal a samansu, su zagaye wurin da ya zubo. Zai ɗauki lokaci. Amma in yayanka yana ƙarƙashin kwal ɗin da ya bari, yana da lokacin."

Na faɗa wa Ladidi. Ina jin hayaniyar maza ta cikin wayar, kowa na ihu, ba mai sauraronta. Wa zai bar duwatsun da ke kan ɗan'uwansa ya koma sarar bango? Sai na ji ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta yi ba.

"Ku tsaya! Matar nan ce mai gwangwanin ruwa ta ce a daina!"

Hayaniyar ta lafa. Akwai waɗanda suka ga gwajin gwangwanin nan da idonsu. Can na ji ƙarar diga ta fara, a wani wuri dabam.

Ba ni da abin faɗa game da sauran sa'o'in. Malam Nasiru ya shimfiɗa darduma bai naɗe ta ba. Wayata ta mutu, ya zagaya maƙwabta ya samo wata. Daktora ce ke kirana da kanta lokaci bayan lokaci, ta tambayi inda aka kai, ta ce a sa tokara a nan, kada a faɗaɗa a can, ta kashe. Da hantsin washegari Ladidi ta kira, wannan karon tana kuka sosai. Sun fito su shida. Ɗaya ya karye a ƙafa, gefen zubowar ya kama shi. Sauran ƙishirwa ce kawai da tsoro.

Bayan kwana biyu na lallaba ta hanyoyin da ba a rufe ba na je gidan Daktora in yi godiya. Na shirya jawabi tun daga Faisal, da Larabci mai kyau. Ta katse ni tun ban yi nisa ba.

"Na tambaye ka rufin da suke aiki a ƙarƙashinsa. Ban tambaye ka hanyar da suke bi su kai can ba. Da na tambaya, da na ce a ninka tokara a wurin tun kafin ruwa, da yaron nan bai karye ba. Kuskurena ne, kuma zan gaya wa kowane aji da zan koyar."

Na zauna ina kallonta. Mutum shida suna numfashi saboda ita, ita kuwa ƙafa ɗaya take lissafawa. Na ga malamai da yawa a rayuwata, na ga masu ilimi, amma a falon nan na ga abin da nake so in zama, kuma har yau ban kai ba.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Yaya ne, karo na farko da zan ji muryarsa tun fitowarsu. Ta dishe. Na ce masa ina gidan malamar. Ya ce in sa yadda za ta ji.

"Ranki ya daɗe, ina wuni." Ta amsa da Larabci, ya amsa da Hausa, suka yi ta gaisawa ba mai jin wani, kuma ba wanda ya nemi in fassara.

Sannan ya ce, "Habibu, gaya mata. Muna zaune a ciki muna jin tsaunin yana ƙara ta bayanmu. Na haska sama da tocila. Kwal ɗin nan da na yi damina guda ina zagi, shi ne a kanmu, ko ƙura bai zubo ba. Na yi ta kallonsa har batir ya mutu."

Na fassara. Ta gyaɗa kai kawai.

Ya yi gyaran murya. "Za mu buɗe wani bakin ta gefe in ƙasa ta bushe. Tambaye ta, Habibu. Me kuma zan bari?"

Ɗan kuza, jikan ɗan kuza, yayana da ya taso ana zane shi a kan tsaba ɗaya, shi ke tambayar abin da zai bari. Na buɗe baki in juya maganar zuwa Larabci, na kasa. Daktora ta jira ni kaɗan. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta mayar da tabaranta, ta jawo kujera kusa da wayar.

"Yalla, ya ibni, mutumin yana jira. Me ya ce?"